Ina Shaida? Zana Taswirar Aiki da Tara Hujjar Ƙwarewa

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara na ƙungiya a Rurum Sabon Gari)



Shugaban wannan taro, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya. Waɗanda suka taso daga Rano da Kibiya da Bunkure, da waɗanda suka yi sammako daga Kano da Kaduna da Abuja, Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Lokacin da sakataren ƙungiya ya buga mini waya ya ce ni zan yi magana bana, sai da gabana ya faɗi, ba don komai ba sai don na san a gaban waɗanda zan tsaya. Ga malamin da ya koya mini lissafi zaune a sahun gaba, ga kuma wanda ya sha tare ni a bakin ƙofa ranar Litinin saboda makara. Don haka in an ji na yi tuntuɓen harshe, a yi mini afuwa, har yanzu ɗalibi ne ke magana.

Da malamin lissafin nan zan fara, ko da yake ba zan ambaci sunansa ba don ya san kansa. 'Yan ajinmu za su tuna ranar da ya raba mana takardun gwaji muna aji huɗu, na duba tawa na ga amsata daidai take amma an ba ni sifili. Na tashi na je na ce, "Malam, ai amsar daidai ce." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Amsar daidai ce, amma ban ga hanyar da ka bi ba. Ta ina zan san ba a takardar maƙwabcinka ka tsince ta ba?" A ranar na ji haushi ƙwarai, har na ƙi cin abincin rana. Ban san cewa shekaru goma sha biyar da wani abu bayan haka za a sake yi mini tambayar nan ba, a wurin da ta fi zafi.

A shekarar 2021 ne na zauna gaban kwamitin ƙarin girma a ma'aikatar da nake aiki. Waɗanda suke aikin gwamnati sun san ƙa'idar Tarayya: ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa na 14 sai ya shekara uku a mataki ɗaya kafin a duba shi, na 15 zuwa sama kuwa shekara huɗu. To, na cika shekaruna, na ci jarrabawar rubutu, saura ganawa ido da ido. A fom ɗin rahoton shekara na rubuta da babbar murya cewa ni ne na gyara yadda fayil ke tafiya a sashenmu, har aiki ya ƙara sauri. Wani dattijo a cikin kwamitin ya karanta wurin sau biyu, ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Madalla, yaro. Da kwana nawa fayil yake yi, yanzu kuma kwana nawa? Ina shaida?" Na buɗe baki na rufe. Gaskiya na yi gyaran, Allah shi ne shaidata, amma ban auna komai ba, ban rubuta komai ba, ban ajiye ko ƙyallen takarda ba. Da sakamako ya fito babu sunana. Abokan da muka shiga aiki rana ɗaya suka wuce, ni kuwa na koma gida ina lissafin kuɗin makarantar yara da albashin bara. Ba na ɗora wa kwamitin laifi. Da ni ne a kujerarsu, abin da zan yi ke nan.

Abin da na koya daga wannan faɗuwa shi nake so in baje muku yau.

Da farko, mene ne taswirar aiki? Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar dogon bayani, don muna da misali a bayan gida. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ba ya tashi sama ya faɗa gonar mai tumatir a Kadawa. Sai ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar hanyar ruwa, ya rarrabu a ƙanana, kowace da ƙofarta da mai buɗe ta, har ya isa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. In manomi ya wayi gari ruwa bai zo ba, mai hankali ba ya tsayawa zagin madatsa, sai ya bi hanyar da ƙafa har ya ga inda kachalla ta toshe ko inda wani ya kare da buhun ƙasa. To, haka aikin ofis yake. Takarda tana da mashiga da mafita, tana da ƙofofi da masu tsaronsu. Zana wannan hanya a takarda, mataki bayan mataki, da wanda ke yin kowane mataki da tsawon lokacin da yake ci, shi ne taswirar aiki.

Abin kuwa ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Frank Gilbreth, wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron magina, ya lura cewa kowane magini da irin yadda yake jera bulo, ya zauna ya ƙirga motsin hannu, ya rage su daga 18 zuwa kimanin 5. Shi da matarsa Lillian suka gabatar da tsarin zana matakan aiki ga ƙungiyar injiniyoyin Amurka a 1921, a 1947 kuma ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar waɗanda har gobe da su ake koyarwa. Da'ira tana nufin ana yin aikin kansa, kibiya tana nufin an ɗauki abu daga nan zuwa can (mutanen Kibiya kada ku ce na taɓa ku), murabba'i yana nufin dubawa, wata alama mai kama da harafin D tana nufin jira, alwatika kuma ajiya. Da fensir da takarda mai faɗi ana gama shi, ba sai da kwamfuta ba.

A ƙasarmu ma an daɗe ana kewaya wannan magana. Iyayenmu da ke nan suna tuna Udoji saboda ƙarin albashi da rediyo da babura da aka saya, amma rahoton da kwamitin Jerome Udoji ya miƙa a 1974 ya ƙunshi abin da ya fi kuɗi, wato a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, a kuma daina rubuta masa rahoto a asirce. Daga nan fom ɗin APER ya samo asali. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM, aka ce kowace ma'aikata ta bayyana wa jama'a abin da za ta yi musu. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a umarnin da ya wajabta wa hukumomin Tarayya su buga sharuɗɗan neman izini ko lasisi, da kuɗinsa, da kwanakin da zai ɗauka, aka kuma shigar da wannan cikin doka a 2023. Har ila yau, dokokin aikin gwamnatin Tarayya da aka sabunta a 2021 sun kawo sabon tsarin auna aiki a madadin APER, wanda a cikinsa ma'aikaci da shugabansa za su amince tun farkon shekara kan abin da zai cim ma. Ku lura, babu hukumar da za ta iya cewa takarda za ta fita cikin kwana kaza alhali ba ta san tebur nawa takardar ke bi ba. Ke nan wanda ya iya zana hanyar, ya kuma iya nuna cewa ya iya, ba zai rasa wurin zama ba.

Yanzu bari in koma kan labarina. A farkon 2022 na nemi izini a rubuce daga daraktanmu cewa ina so in bi sawun fayilolin masu ritaya, tun daga ranar da mutum ya kawo takardunsa har ranar da fayil ya bar hannunmu zuwa wurin masu biya. Na zaɓi wannan ne saboda wani tsoho da nake gani kusan kowane mako a kan bencin ƙofar ofishinmu, da 'yar jakar leda a hammata. Shekara talatin da biyar ya yi yana aiki, kuma daga ƙauye yake zuwa, kuɗin mota ma sai ya ranta. Duk zuwan da zai yi amsa ɗaya ce: ana kai. In na dube shi sai in tuna malamanmu. Darakta ya rubuta amincewarsa a gefen takardar, ya sa kwanan wata. Wannan ita ce shaidata ta farko, na ɗauki kwafinta na ajiye.

Sai na zauna a teburina na zana taswirar yadda na ɗauka aikin yana tafiya. Ta fito tsaf, matakai bakwai, har ina jin daɗin kaina. Allah ya taimake ni na nuna wa masinjanmu, wani bawan Allah da ya girme ni da shekara ashirin, wanda iyakar karatunsa firamare. Ya sa na karanta masa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai hanyar littafi ce. Zo in nuna maka hanyar ƙafa." Kwana uku ina binsa daga ofis zuwa ofis. Ashe tebur goma sha uku fayil yake bi. Ashe wani jami'i sau biyu fayil yake zuwa gabansa, farko ya duba shekarun aiki, bayan tebur huɗu ya dawo masa ya duba matakin albashi, abin da zai iya yi a zama ɗaya. Ashe akwai wata durowa da fayil ke kwana a ciki har sai sun taru sun kai goma kafin a haura da su bene, don wani shugaba da ya bar wurin tun tuni ya taɓa cewa kada a riƙa damunsa da ɗai-ɗai. Mutumin ya tafi, umarninsa yana nan yana aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ofis masu ɗakin su ne masinja da akawun rajista, waɗanda ba a cika tambayarsu komai ba.

Taswirar farkon nan da masinja ya rusa, ban yaga ta ba. Na yi gyare-gyaren a kanta da jan biro, na sa kwanan wata, na ajiye. Daga baya na ga ta fi mai tsabtar daraja a idon masu tantancewa, saboda ita ce ke nuna cewa na fita na bincika. Kowa yana iya kwafo kyakkyawan zane daga intanet, amma takarda mai datti da gyaran hannu ba ta kwafuwa.

Bayan haka sai awo. Na ɗauki fayil ashirin da aka riga aka gama, na bi littafin shiga da fita na rajista, da kwanan watan da kowane jami'i ya sa a ƙarƙashin sa hannunsa, na fitar da kwanakin da kowane fayil ya yi a kowane tebur. Aiki ne mai cin rai, mako biyu na yi ina yinsa bayan an tashi. Abin da ya fito ya ba ni tsoro. A matsakaici fayil yana yin kwanakin aiki 61 a hannunmu, amma da na tambayi kowane jami'i minti nawa yake ɗauka in ya buɗe fayil ya yi abin da zai yi, na haɗa duka, bai kai awa biyar ba. Sauran duk jira ne. Daɗin daɗawa, 14 daga cikin ashirin ɗin sai da aka mai da su baya aƙalla sau ɗaya saboda wata takarda ba ta ciki: ko takardar ɗaukar aiki ta farko, ko ta tabbatarwa, ko ta ƙarin girma na ƙarshe, ko shaidar shekarun haihuwa. Kuma ba a gano rashin sai fayil ya kai tebur na tara, bayan ya ci fiye da wata guda. Tsohon nan na kan benci, takarda ɗaya ce ta tsare shi, ba kuwa wanda ya taɓa gaya masa.

A nan zan ɗan ratse in ja kunnen ƙannena. Da na ga wannan sakamako, zuciyata ta raya mini in kai shi gaban Babban Sakatare kai tsaye don a san da ni. Wani abokin aiki da ya fi ni daɗewa ya hana ni, ya ce in na yi haka zan ci ƙarin girma in rasa mutane, kuma gyaran ba zai kai wata uku ba. Gaskiyarsa. Sai muka kira zama na dukan waɗanda fayil ke bi ta hannunsu, har da masinja, na manna taswirar a bango ba tare da sunan kowa ba, sai sunan kujera. Da farko an yi ta kare kai, kowa yana cewa ba a wurinsa matsalar take ba. Da suka ga ba farautar mai laifi ake yi ba, su da kansu suka fara kawo shawara. Akawun rajista ce ta ce a buga jerin takardun da ake bukata a manna a ƙofa, a kuma duba su a gaban mai su ranar da ya kawo. Jami'in da fayil ke zuwa masa sau biyu ya yarda ya haɗa dubawarsa. Aka kashe dokar durowa. Na rubuta bayanin zaman, kowa ya sa hannu, darakta ya amince a rubuce.

Bayan wata shida na sake ɗaukar fayil ashirin na auna kamar yadda na yi da farko, da littafi ɗaya da hanya ɗaya. Tebur ya koma tara, kwanaki suka koma 26, fayil uku ne kaɗai aka mai da baya. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai inda taswira ba ta kai. Bayan fayil ya bar hannunmu, sai an saki kuɗi kafin a biya mutum, wannan kuwa ba a teburin kowa a cikinmu yake ba. Tsohon nan ya daina zaman benci, amma ya ƙara watanni kafin haƙƙinsa ya shiga hannunsa. Na rubuta wannan ma a rahotona, ko da yake wasu sun ce in cire don kada ya rage armashi.

Da na koma gaban kwamiti a 2023, da jaka na shiga. A cikinta akwai takardar izini, da tsohuwar taswira mai jan biro, da sabuwa, da jadawalin awo na farko da na biyu, da bayanin zama mai sa hannun mahalarta, da hoton jerin takardun da aka manna a ƙofa, da wasiƙar shaida daga darakta da wata daga shugabar rajista, sa'an nan da ɗan littafin da nake rubuta abin da na yi kowace rana. A saman su duka na sa shafi ɗaya mai nuna wace takarda ce ke tabbatar da wace magana, don mai dubawa ba shi da lokacin tone-tone. Tambayoyin da aka yi mini ba su wuce huɗu ba, kuma daga baya na gane su ne ma'aunin kowace shaida. Shin abin da ka kawo ya shafi abin da kake iƙirari? Shin aikinka ne ko na wani? Na yaushe ne? Kuma ya isa, ko sau ɗaya ne ka yi dace? A kan ta biyu na faɗi gaskiya cewa shawarar jerin takardu ba tawa ba ce, ta akawun rajista ce, hanyar ƙafa kuma masinja ne ya nuna mini, nawa shi ne tambaya da awo da haɗa kan mutane. Na ga 'yan kwamitin sun dubi juna. Alhamdu lillahi, a wannan karon sunana ya fito.

Akwai hatsari guda da ya wajaba in faɗa, don kada wani ya ce ni na jefa shi. Takardun ofis amana ne. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Kada kowa ya ɗauki waya ya riƙa ɗaukar hoton fayilolin mutane da sunan tara shaida. Ni lamba na ba kowane fayil, daga 1 zuwa 20, babu suna, babu adadin kuɗi, kuma duk abin da na kwafa sai da shugabana ya gani ya yarda. Haka nan kada a zauna daren jarrabawa a ƙirƙiro takardu a sa musu kwanan watan bara. Tsofaffin ma'aikata suna gane tawadar da ba ta bushe ba, kuma wanda aka kama da wannan, ba ƙarin girma kaɗai zai rasa ba.

Na san ba dukanmu ne ma'aikatan gwamnati ba. A cikin 'yan ajinmu akwai mai injin casar shinkafa, akwai tela, akwai masu walda da gyaran wuta, akwai manoman rani. Maganar nan ta shafe ku. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana kula da tsarin ba da takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa ga masu sana'a, kuma ba da rubutun jarrabawa kaɗai ake samun ta ba. Mai tantancewa yana kallonka kana aiki, yana yi maka tambayoyi, yana duba abin da ka ƙera da shaidar waɗanda suka ga aikinka. Mai injin shinkafa in ya zana hanyar buhu tun daga awo da jiƙo da turare da shanya har zuwa casa da ɗinki, ya rubuta awoyin da kowane mataki ke ci na tsawon wata guda, zai ga inda kuɗinsa ke zuba, kuma ranar da ya je neman rance ko kwangila yana da abin ajiyewa a kan tebur. Su kuwa malamanmu, ai su ne suka riga kowa, don littafin shirin darasi da rajistar aji da kundin maki da sufeto ke dubawa, duk shaidar aiki ce, mu ne dai ba mu gane ba muna yara.

Ga ƙungiya kuma ina da roƙo guda. Kowace shekara ana kuka cewa tallafin kuɗin jarrabawa da muke tarawa ba ya isa hannun yara sai an kusa rufe rajista, kuma kowace shekara muna tashi ba mu san inda yake maƙalewa ba. In shugabanni sun amince, ni da mutum biyu za mu bi sawun na bara, daga ranar da aka yi alkawari zuwa ranar da aka biya, mu kawo taswirarsa a taro mai zuwa. Ma'aji kada ya ji tsoro, sunan kujera za mu rubuta.

Na zo da kwafi talatin na fom ɗin da nake amfani da shi wajen bin sawun fayil, da alamomin nan biyar a bayansa, suna wurin sakatare ga mai so. Malam kuma, in an tashi zan kawo maka jakar ka duba da kanka, ko wannan karon za a ba ni makina.